Tsibiran Fadamar Haɗeja da Ƙananan Mazaunansu

Duk wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Gezawa da Gujungu ya nufi Haɗeja a ƙarshen damina, tun kafin ya isa zai san ya shigo ƙasar ruwa. Gero da dawa suna ja baya, shinkafa tana karɓar fili, belbela da zalɓe suna tsaye a kududdufan gefen kwalta, ga yara suna ɗaga wa matafiya tarwaɗa a tsire. Haɗeja kanta gari ne da tarihi ya yi wa nauyi. Nan ne Sarki Buhari ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, nan ne kuma Sarki Muhammadu Mai Shahada ya tari Turawa a 1906 har ya rasa ransa. Amma in ka shiga kasuwar kifi da sassafe, ka ga kwandunan karfasa da bargi da gaiwa, da kwalayen banda da ake lodawa zuwa Kudu, za ka gane cewa arzikin garin na yau da gobe a kan kogi yake.

Ba kifi ne ya kai ni ba, ba kuma tsuntsayen da suka sa sunan wannan fadama ya zaga duniya ba. Na je ne don in ga halin da danginsu ɓera suke ciki: gafiya da gyazbi da kurege da beguwa da ɓerayen daji, halittun da suka riga kowa zama a nan, waɗanda kuma ba a cika ambatonsu ba sai in za a yi Allah wadai.

Sai an san yadda ƙasar take kafin a fahimci zamansu. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Da ya iso yankin Haɗeja sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jerin tsofaffin tuddan yashi, waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta kawo nan. Tuddan sukan tsaga ruwan ya rarrabu: ga reshen Kafin Hausa, ga tsohon kogin, ga Burum Gana, ga Marma da ke zuba a Tafkin Nguru. Can gaba ruwan yake gamuwa da na Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su wuce ta Gashuwa da Gaidam zuwa Tafkin Chadi. Idan ambaliya ta cika a watan Satumba, fadamun da ke tsakanin tuddan nan sukan nutse, kowane tudu ya zama tsibiri na wasu watanni. Mutum da akuya da maciji da ɓera, duk wanda ruwa ya kora, a nan yake samun wurin tsayawa.

Daga Haɗeja na yi gabas zuwa ƙasar Kirikasamma, wajen dajin Baturiya. Inda hanyar mota ta ƙare na hau babur, inda ta babur ta ƙare na shiga kwalekwale. Matuƙin saurayi ne ɗan masunta, yana tura jirgin da doguwar gora. Da farko mun ratsa fili mai bado da burugu, kirinjijiya suna tashi garke-garke. Can sai kacala ta rufe mu hagu da dama, tsayinta ya fi na mutum a tsaye, hanyar ruwan ta tsuke har gefen jirgin yana gogar ganye.

"Malam, nan da kake gani gonar kakana ce," in ji shi. "Babana ya ce har alkama sun noma a wurin da rani. Yanzu ban da jan-baki da ɓera babu mai cin moriyarsa."

Tudun da muka sauka bai fi a zaga shi da ƙafa tsakanin la'asar da magariba ba. Akwai 'yan gidaje, da rumbuna a kan duwatsu, da goruba da gabaruwa da aduwa, giyayya kuma tana tsaye a cikin ruwa har gindinta ya ɓace. Mai masaukina manomi ne da ya manyanta. Bayan gaisuwa da fura, da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ikon Allah! Wasu suna zuwa ganin tsuntsu, kai kuma ɓera ka biyo? Taso in nuna maka aikinsa."

Ya kai ni gefen shinkafarsa da ta fara nuna. A tsakiyar gonar akwai wani fili da aka datse karan daga gindi, zangarniya a zube. A kan kunyar da ta raba gonarsa da ta maƙwabcinsa ga ramuka a jere, ga 'yan siraran hanyoyi a cikin ciyawa. Muna tsaye, rana tsaka, wani ɓera mai kauri, launin ƙasa da ɗigo-ɗigo, ya gilma ya shige. Wannan shi ne ɓeran ciyawa, wanda masana suke kira Arvicanthis niloticus. Da rana yake kiwo, kuma shi ne babban mai cin shinkafa a fadamun Sahel. Da dare akwai wani dabam da ke karɓar aiki, Mastomys, ɓera mai nonuwa da yawa, wanda ke kai da komo tsakanin gona da ɗaki. A saman tudun kuwa, inda yashi yake da laushi, akwai ƙananan ramuka na ɓeran yashi, mai dogayen ƙafafun baya da manyan idanu, mai tone irin gero bayan shuka. Kusa da wata tsohuwar suri kurege ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya yana kallonmu, jelarsa a tashe.

Ga mai gona duk waɗannan suna ɗaya gare su, maganinsu kuma ɗaya: guba da wuta. A nan matsalar take, domin ba halinsu ɗaya ba, kuma maganin ba ya faɗa musu daidai wa daida.

Da daddare aka haɗa ni da wani tsohon maharbi, wanda ya ce tun yana yaro yake bin mahaifinsa dajin Baturiya. Muka zauna a tabarma, sauro yana ta kai hari.

"Baba, me ya ragu a dajin nan, me ya ƙaru?" na tambaye shi.

"Ɗana, abin da ake ci ya ragu, abin da ke ci ya ƙaru," ya ce. "Da can in ka bi bakin ruwa da asuba sai ka ga inda gyazbi ya yanka ciyawa ya tara. Beguwa kuwa ƙayarta kawai za ka riƙa tsinta a hanya. Yanzu yaran nan sai su gama rani ba su ga ƙaya ɗaya ba. Gafiya tana nan, amma sai an wahala. Ɓeran gona kuwa, ko ka kashe ɗari yau, gobe ɗari biyu za su zo gaisuwar mutuwa."

Abin da ya faɗa da ido ya gan shi, kuma lissafin haihuwa yana goyon bayansa. Macen Mastomys ciki na mako uku take yi, ta haifi 'ya'ya goma ko fiye, kafin wata uku su ma sun isa haihuwa. Gyazbi, wanda babbansa kan wuce kilo 4, cikinsa wata biyar ne, 'ya'yansa kuma ba su cika wuce huɗu ba. Beguwa takan ɗauki ciki fiye da wata uku ta haifi ɗaya ko biyu. Saboda haka in an cinna wa ciyawa wuta da rani, aka tsaya da karnuka da kulake, masu jinkirin haihuwa ne suke ƙarewa. Ɓeran gona yana can ƙarƙashin ƙasa, wuta ta wuce ta kansa, damina ɗaya ta ishe shi ya mayar da abin da ya rasa. A tsibiri abin ya fi muni, domin dabbar da aka kora ba ta da wani dajin da za ta faɗa. Lokacin ambaliya, in ji maharbin, yara sukan zagaye ɗan tudun da babu kowa su kwashe duk abin da ya fake a kai.

"Ni kaina na yi farautar wuta," ya ce. "Wani malami ne ya hana ni. Ya ce addini bai hana ka kashe abin da ke yi maka ɓarna ba, amma bai yarda ka ƙona mai rai da wuta ba."

Sai dai farauta ba ita kaɗai ta sauya lissafin ba. Babban abin da ya sauya shi yana can sama da Kano. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kafin nan kogin yana da lokaci biyu sanannu: ya cika ya malala da damina, ya janye ya bushe da rani. A shekarun ruwa sosai ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Bayan madatsun da farin shekarun 1970 da 1980, an yi shekarun da ko rabin haka ba ta kai ba. Wani abin kuma, ruwan da ake saki da rani ya sa wasu rassan, musamman Marma, ba sa bushewa sam. Kacala ba ta son komai kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyi, yashi ya taru, ruwa ya rasa mafita: wani yanki ya nutse shekara da shekaru, wani kuma ya bushe ƙurmus.

A tsohon tsari, ambaliya takan cika ramukan ɓera ta rage shi, rani kuma ya zo da yunwa ya ƙara rage shi. Yanzu ga maɓoya a gefen kacala duk shekara, ga abinci duk shekara, domin noman rani ya bunƙasa: shinkafa da alkama da masara da kayan lambu. Aikin ban ruwa na Kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2023, alheri ne ga dubban manoma, amma kowace kunya da kowane bakin magudana gida ne ga ɓeran ciyawa. An ga irin wannan a kwarin Kogin Senegal bayan gina madatsun Diama da Manantali a shekarun 1980, inda ɓerayen gona suka samu damar haihuwa har cikin rani. Sahel kuma ta san annobar ɓera: an yi ta a 1975 zuwa 1976, aka sake yi a 1986 zuwa 1987, duk bayan ruwa ya dawo a ƙarshen fari.

Masu rage ɓera na asali su ma an rage su. Mujiya, wadda gida ɗaya nata kan cinye ɓera fiye da dubu a shekara, jifa take sha saboda camfi. Tunku da muzuru da mesa da shirwa duk ɓera suke ci. Gubar da ake sayarwa a ƙulle a leda ranar kasuwa ba ta tambayar wanda ya ci ta. Takan kashe kaza da kare, wani nau'in kuma yakan bi gawar ɓeran ya kashe wanda ya cinye ta. A wurin da ruwan sha da na kamun kifi da na wanka duk ɗaya ne, zuba guba a bakin fadama ganganci ne.

Washegari da za mu koma, na lura da buhunan hatsi da kwalaye da ake saukewa daga wani babban jirgi. Ta irin wannan hanya baƙon ɓera yake shiga tsibiri. Baƙin ɓeran nan mai jela fiye da tsawon jikinsa, mai hawa rufi, asalinsa daga Asiya yake, jiragen ruwa ne suka yaɗa shi a duniya. Masu bincike sun same shi ya kafu a kasuwanni da mayankar Yamai, a Senegal kuma sun bi sawun ƙaramin ɓeran gida, shi ma baƙo, yana bin manyan motoci gari-gari yana korar na ƙasa daga ɗakuna. Tarihin tsibiran teku ya nuna inda irin wannan kan kai. Tsibirin Kirsimeti da ke Tekun Indiya a da yana da ɓeraye iri biyu da babu su a ko'ina. Wajen 1899 baƙin ɓera ya sauka daga jirgi ɗauke da cutar jini, kafin 1908 duka biyun sun ƙare. A wani ɗan tsibiri mai suna Bramble Cay, tsakanin Ostareliya da Papuwa Niu Gini, akwai wani ɓera da aka yi wa ganin ƙarshe a 2009. Teku ta riƙa hawa tana cinye ciyawar da yake ci, a 2019 gwamnatin Ostareliya ta tabbatar da cewa ya ƙare.

Tuddan Haɗeja ba su kai can ba, domin ruwa yana janyewa su sake haɗuwa da sauran ƙasa. Ƙungiyar IUCN, mai tsara jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa gafiya da gyazbi da kurege da beguwa a rukunin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, saboda suna da yawa a faɗin Afirka. Amma wannan hukunci ne na nahiya. Dabba tana iya cika dazukan Kamaru alhali ta ɓace a Guri da Kirikasamma. Kuma yayin da gonaki suke cinye daji, guntayen dajin da suka rage suna zama tsibirai ko babu ruwa, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfin beguwa.

A takarda, wannan fadama tana da gata. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru, da hannun IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci tafkin Dagona a ƙasar Bade. A 2000 Tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya, Baturiya ta bi baya a 2008 da hekta 101,095. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince dajin Baturiya ya zama ɗaya daga sababbin gandayen ƙasa guda goma. Sai dai ido ya fi karkata sama. Kowane Janairu akan fito ƙidayar tsuntsayen ruwa, waɗanda wasunsu daga Turai suke zuwa cin rani. Abin da ke ƙarƙashin ciyawa bai samu irin wannan kulawa ba, alhali danginsu ɓera su ne kusan kashi 40 cikin 100 na dukkan nau'o'in dabbobi masu shayarwa. Har yau cikin manyan madogaran ɗalibi a kan ɓerayenmu akwai littafin D. R. Rosevear na 1969 a kan ɓerayen Afirka ta Yamma da na D. C. D. Happold na 1987 a kan dabbobin Nijeriya. Mutane kaɗan ne suka san cewa akwai ɓeran yashi mai ɗauke da sunan ƙasar nan, Gerbillus nigeriae, wanda aka bayyana wa duniyar ilimi a 1920 daga samfurin da aka kama a Fanisau, kusa da Kano.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne amfaninsu? Gafiya takan cika kumatunta da 'ya'yan itace ta kai rami, abin da ya sa ake cewa gafiya tsira da na bakinki. Abin da ta ɓoye ba ta ci ba, wani yakan tsiro. Kurege ma haka yake yi. Ramukansu suna shigar da ruwa da iska cikin ƙasa. Su ne abincin mujiya da shaho da dila, kuma in suka ɓace waɗannan sukan juya kan kaji. Gyazbi nama ne mai tsada, har kiwonsa ake yi a Ghana da Benin da kudancin Nijeriya. A Morogoro ta Tanzaniya ƙungiyar APOPO tana horar da gafiya ta sansano nakiyoyin da aka binne da cutar tarin fuka a cikin majina. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, ta samu lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ta yi a Kambodiya.

Wannan ba ya nufin a rungumi ɓeran ɗaki. Mastomys shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, kuma ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci take kama mutum. Lokacin ambaliya irin ta 2020 da 2022, da ta raba dubban mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da gidajensu, mutum da ɓera sukan matsu a tudu ɗaya. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hatsin da aka shanya a ƙasa, da tukunyar da aka bari a buɗe, da juji a bayan ɗaki, su ne suke gayyatarsa. A gidan da na sauka, uwargidan tana zuba hatsinta a durom mai murfi, rumbun kuma an ɗora shi a kan duwatsu an share ƙarƙashinsa tas. Ta ce tun da ta fara haka ba ta ƙara sayen guba ba.

Na koma Haɗeja da yamma, na tarar da 'yan kasuwa suna ta ɗaure kwalayen kifi, mai tallan maganin ɓera kuma yana zagawa da lasifika. Abin da fadamar nan take bukata ba mai wuya ba ne a faɗa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa yadda fadama za ta cika a lokacinta ta kuma bushe a lokacinta. Aikin share kacala da gwamnatin Jigawa take yi ya ɗore. Manoman kowace fadama su share kunyoyi su kafa tarko tare, tun kafin shinkafa ta yi ciki, maimakon kowa ya zuba guba shi kaɗai. Masarautar Haɗeja, ta bakin hakimai da dagatai da sarakunan ruwa, ta hana farautar wuta da kwashe dabbobin da suka fake a tudu lokacin ambaliya. Limamai su gaya wa jama'a cewa mujiya ba ta kashe kowa. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su tura ɗalibansu su ƙidaya abin da ke ƙasa kamar yadda ake ƙidaya abin da ke sama. A yaƙi ɓeran da ke cin shinkafa da wanda ke shiga ɗaki, amma a bar wa gyazbi da beguwa da gafiya tuddansu, domin yaƙin da ake yi yanzu su yake kashewa, mai laifin kuwa sai ƙaruwa yake yi.